Damisar Hoshin Fatu

Bayan sallar La'asar Kabo ya rataya jakar kayan aikinsa, ya ce wa matarsa Yalwa kada ta jira shi da abinci. Wata guda ke nan da watsewar alhazai a shekarar 1965. Makka ta koma ta masu ita, zafi kuwa ya sauka kamar an kife garin da tukunya.

Kabo majemi ne, haifaffen Kano. Shekara tara da suka wuce ya zo Hajji, ya ga fatun layya jibge a Mina babu mai waiwayarsu, sai ya yi zamansa. Ba shi da igama, wato izinin zama, ba shi da kowace takarda. Amma a unguwar Mansur duk mai neman buzun sallah ko salkar ruwa ya san ƙofarsa.

A bakin lungu Issoufou, ƙanin Yalwa, yana jiransa. Baduku ne mutumin Maraɗi, siriri, mai saurin hannu a ɗinki. Tun da aka yi kame a kasuwa makon jiya, aka kwashe mutum goma sha ɗaya daga layinsu aka yi Jidda da su, Issoufou bai sake tafiya a tsakiyar titi ba. Jikin bango yake bi yana waige-waige. Matarsa na da tsohon ciki, ba shi da wanda zai bar wa ita.

Suka bi ta bayan unguwar Zahir, suka wuce kasuwa da gidajen ƙarshe, har suka isa gindin wani baƙin dutse. A nan Hoshin Fatu yake, tsohon gidan cinikin fatu.

Tun zamanin Turkawa aka gina shi. A wancan lokacin ayarin Takari, wato alhazan ƙasar Hausa, kan tsallako teku da fatun damisa da na zaki da na kada, su sauke a nan, a auna, a yi ciniki, su sami guzurin ƙarasa ibada. Kasuwar ta mutu tuntuni. Da aka fara rushe tsofaffin gidaje a cikin gari, sai jikan mai gidan, wani attajiri, ya ce nasa ba zai tafi ba. Ya kewaye shi da doguwar katanga, ya dasa dabino da lalle da magarya, ya zuba tsakuwa a hanyoyi, ya ajiye kujeru. Gine-gine uku aka bari yadda suke: masaukin fatake, da ɗakin awo mai ƙaton sikeli a rataye, da ma'ajiyar fatu. A bayansu akwai ramukan jima guda shida, busassu. Manyan baƙi ake kawowa su zaga su gani.

Asu ne ya shiga tsofaffin fatun, shi ya sa aka nemi Kabo. Kwana uku ke nan shi da Issoufou suna zuwa da yamma, a ranakun da ba a karɓar baƙi.

Mukhtaru, wakilin gidan, ya tarye su a ƙofa da makullai a hannu. Haifaffen Makka ne, kakansa Bakatsine, Hausarsa rabi Larabci.

"Ahalan, ya mu'allim. Yau ɗakin ciki za ku yi. Shi ne na ƙarshe, khalas."

Ya shige gaba suka bi shi cikin ma'ajiyar. Ɗaki ne dogo mai ƙasan dutse. Ƙiragan shanu da buzaye da suka riga suka gyara suna jere a bango, suna warin man shanu. A kusurwa akwai garwa biyu da Kabo ya haɗa ruwan toka da farar ƙasa, ya jiƙa fatun awaki don gashinsu ya zube, a sami abin faci.

Mukhtaru ya buɗe wata ƙaramar ƙofa ta katako. Kwaɗon ya yi ƙara kamar ba ya so.

Ɗakin ciki ba shi da taga. Fata ɗaya ce tak a ciki. An baje ta a bango an kafe ta da ƙusoshin maƙera, manya, masu tsatsa. Damisa ce. Kabo bai taɓa ganin mai girmanta ba. Daga hanci zuwa jela ta fi tsawon namiji ya miƙe hannu sama. Kanta na nan da kunnuwa da gashin baki, faratanta ma ba a cire ba. Inda idanu suke, ramuka biyu ne.

"Ita baƙi suka fi so," in ji Mukhtaru. "Kakana ya ce wani maharbi ya kawo ta, shi kaɗai ya iso daga cikin ayarinsu. Wai da ranta ya feɗe ta, don fatar ta fi sheƙi. Sau uku ana sayar da ita, sau uku ana dawo da ita." Ya yi dariya. "Kalam faɗi, zancen tsofaffi. Ku goge ta, ku shafa mata mai, bas. Kada ku sauke ta."

Ya duba agogonsa. Ya ce motar askarawa na yawo a unguwar, don haka zai kulle babbar ƙofa ta waje, kada wani ya leƙo ya gan su. Zai yi Magariba a masallacin Zahir, ya dawo bayan Isha'i.

Suna ji ya ja ƙofar ƙarfen. Sarƙa ta yi ƙara. Takunsa ya yi nisa a kan tsakuwa.

Kabo ya kunna fitilar ƙwai ya rataye ta a ƙusa. Ya sa tafin hannu a bayan damisar, ya shafa. Asu bai taɓa ta ba ko kaɗan. Ya cusa yatsu tsakanin fatar da bango don ya ji yadda aka jeme ta.

Ya zaro hannun da sauri.

Cikin fatar da danshi. Da ɗumi. Ya kai yatsun hanci, ya ji ƙarnin mahauta da safe.

Shekara talatin yana jima. Ya san fatar da aka jeme da bagaruwa, ya san wadda aka shanya da gishiri. Wannan ba a yi mata ko ɗaya ba. Ɗanya ce. Ɗanyar fata kuwa kwana biyu take ruɓewa a zafin Makka.

"Issoufou," ya ce ƙasa-ƙasa. "Wannan ba tamu ba ce. Mu share ƙurar ɗakin mu fita."

Issoufou ya matsa kusa da fatar. Yana tsaye, idonsa a kan goshin damisar.

"Ka ji ni?"

"Na jiya, Yaya Kabo."

Kabo ya fita ya juya fatun awakin da ke cikin garwa. Ta ƙofar ma'ajiyar ya hango sama ta yi ja. Daga nesa ladanai suka fara kiran Magariba, ɗaya na bin ɗaya. Ya yi alwala da ruwan salkarsa, ya kira Issoufou su yi sallah.

Abin da ya ji daga ɗakin ciki shi ne ƙarar wuƙa tana ratsa fata. Ƙyat. Ƙyat.

Ya ruga.

Issoufou na tsaye a kan wani akwatin katako, wuƙar dukanci a hannun dama. A hagu yana riƙe da yankin fata kamar faɗin tafin hannu. A goshin damisar akwai rami mai kusurwa huɗu.

"Innalillahi! Me ka yi?"

"Hwatar goshi ce, Yaya." Bai sunkuyar da kai ba. "A garinmu wanda ya ɗaura kambunta, ko sarki ba ya iya haɗa ido da shi. Askar ya gan ni ya kauda kai. Ni dai in ga ɗiyana an haihe shi, shi ke nan. In yi mata faci da hwatar akuya, in ɗiga mata baƙi, wa za ya gane?"

"Sauko. Mayar da ita."

"Yaya, ka duba halin da—"

Wani abu ya ɗiga a kan akwatin. Ɗis.

Su biyu suka ɗaga kai. Ramin goshin ya cika da jini. Ya gangaro tsakanin ramukan idanu, ya bi hanci, ya taru a gashin baki.

Ɗis.

Warin ɗakin ya sauya. Ƙarnin jini, da zarnin fitsarin naman daji.

Ƙusar da ke riƙe da hannun damisar na dama ta fara juyawa ita kaɗai. Ta yi ƙugi a cikin dutse. Ta fito, ta faɗi ƙasa, ta mirgina har gaban ƙafar Kabo.

Ta biyu ta bi.

Ta uku ta fito da ƙarfi kamar harsashi, ta tsaga kunnen Issoufou, ta daki bangon baya.

"Gudu!" in ji Kabo.

Issoufou ya diro daga akwatin. Taku biyu ya yi. Fatar ta saki bango gaba ɗaya ta faɗo masa a kai kamar jiƙaƙƙen bargo.

Suka zube tare.

Kabo ya ga fatar tana kumbura. Kafaɗu suka taso. Haƙarƙari ya bayyana. Jela ta daki ƙasa. Babu komai a ciki, ta ramukan idanu yana hango hasken fitila a bangon baya, amma ga ta nan ta tsaya da ƙafa huɗu a kan ƙirjin Issoufou, yana jin ƙashin ƙirjin yana ƙara.

Issoufou ya buɗe baki. Numfashi kaɗai ya fito.

Kabo ya zaro wuƙar jima daga ƙugunsa, ya caka mata a haƙarƙari da duk ƙarfinsa. Wuƙar ta shige, hannunsa ya bi ta har gwiwa. Cikin babu nama, babu ƙashi, sai zafi kamar bakin tanderu. Wani abu ya kama hannun daga ciki ya murɗe.

Ya ji yatsunsa biyu sun karye.

Ya fizgo hannun, ba wuƙa. Bayan damisar ya juyo ya buge shi, ya je ya haɗu da bango. Bakinsa ya cika da jini.

A babban ɗaki ƙiragan da ke rataye suka fara dukan bango. Duka a tare. Dum. Dum. Dum.

Yankin fatar yana ƙasa kusa da hannun Issoufou. Kabo ya rarrafa ya ɗauka, ya miƙa mata.

"Ga shi. Ga abinki. Don Allah, ga shi."

Kan ya juyo a hankali. Ramukan biyu suka tsaya a kansa.

Sai ga wata murya, amma ba daga bakin damisar ta fito ba. A bayan kunnensa ya ji ta, raɗa ce, ta tsohuwa, da wata Hausa mai nauyi irin wadda ya daina ji tun mutuwar kakarsa.

"Wannan ya mutu a hannunsa."

Ya duba tafinsa. Yankin ya bushe ya ƙanƙance, yana marmashewa kamar ganye.

"Mai rai nake so."

Ta ɗora ƙafar gaba a fuskar Issoufou, ta danne kansa da ƙasa. Farce ɗaya ya fito. Ta sa shi a gindin gashin kansa.

Ta ja layi.

Yanzu Issoufou ya sami murya. Ihun ya cika ɗakin, ya fita ya cika lambun. Dugadugansa na dukan dutse.

Ta ja na biyu, ta gefe. Ba gaggawa. Kamar yadda shi ya yi mata.

Kabo ya kama jelar ya ja. Kamar ya ja dabino. Ya ɗauki akwatin katako ya maka mata a baya, akwatin ya wargaje. Ko waiwayowa ba ta yi ba.

Na uku ya bi ta kan gira. Ya zarce ya ratsa idon hagu.

Sai Kabo ya tuna garwar.

Ya fita da gudu. Ƙiraga na dukansa a fuska, wani ya naɗe masa wuya, ya yage shi da haƙora. Ya rungumi garwar ruwan toka, hannu ɗaya ba ya aiki, ya tallafe ta da ƙirji. Ruwan na zuba yana cin fatar cikinsa.

Da ya dawo ta gama na huɗu. Ta sa baki ta kama gefen.

Ta ɗaye.

Ƙarar kamar an yage sabon ƙyalle.

"A'uzu bi kalimatillahi!" Kabo ya juye mata garwar daga kai har gadon baya.

Ruwan da ke zubar da gashin akuya a kwana uku ya kama ta nan take. Gashi ya tashi da hayaƙi. Ta gantsare, ta yi tsalle ta daki rufi, ta faɗo tana birgima. Kukan da ta yi ba na damisa ba ne. Na mace ne da ake yankawa.

Fitila ta faɗo ta mutu.

Kabo ya lalubo ƙafar Issoufou ya ja. Ya ja shi ta babban ɗaki, kansa na bugun ƙasa. A waje ya ciccibe shi ya saɓa a kafaɗa. Jini mai ɗumi na bin bayansa.

Sauran haske kaɗan ne a sama. Ya nufi babbar ƙofa.

Sarƙa.

Ya daki ƙarfen da ƙafa. "Mukhtaru! Jama'a!"

Babu kowa. Sai wani kare can nesa.

A bayansa, a kan tsakuwa: taku. Mai nauyi. Ɗaya na jan ƙasa.

Bai waiga ba. Ya yanki cikin lalle, ya bi ta bayan ɗakin awo. Sikelin da ke ciki yana lilo yana ƙara. Ƙafarsa ta zarme a ramin jima, suka faɗa tare. Gwiwarsa ta fashe. Ya tura Issoufou sama, ya fito da rarrafe, ya sake saɓa shi.

Akwai magarya ɗaya da ta jingina da katanga. Ya hau. Ƙaya ta shige tafinsa, ta shige fuskarsa. Ya ɗora Issoufou a kan katangar ya tura. Ya ji faɗuwarsa a wancan gefen.

Ya ɗaga ƙafa.

Farata suka shige masa a sha-raɓa.

Ta ja shi ƙasa. Ya rungumi kan katangar, dutse na goge masa haƙarƙari. Warin ƙonannen gashi ya rufe shi. Raɗar ta dawo bayan kunnensa.

"Kai ba ka yanka ba. Amma ka ƙona."

Ya tattara abin da ya rage masa ya fizge. Naman ƙafarsa ya tsage daga gwiwa zuwa idon sawu, ya bar mata abin da ta riƙe, ya faɗa waje.

Ya kwanta a ƙura yana jiran ta diro.

Ba ta diro ba. Ya ji numfashinta a bayan katangar, daidai inda yake. Daga baya takun ya juya, ya koma ciki yana jan ƙasa.

Asibiti ba wurin zuwansu ba ne, tambayar farko a can takarda ce. Kabo ya ɗaure ƙafarsa da rawani, ya goya Issoufou, ya bi lunguna. Ana kiran Isha'i ya faɗo cikin ɗakinsa a Mansur. Yalwa ta ɗaga fitila ta ga fuskar ƙaninta, ƙashin goshi fari fes a waje. Ba ta yi ihu ba, don maƙwabta. Ta cusa gefen mayafinta a baki ta cije, ta ɗora ruwa a wuta. Da ruwan gishiri da zuma ta rufe wurin. Ƙafar mijinta kuwa da basillar Issoufou ta ɗinke ta.

Kwana huɗu Issoufou yana zazzaɓi, bai ce uffan ba. A na biyar, da hantsi, Mukhtaru ya yi sallama a ƙofa, jakar kayan aikinsu a hannunsa. Kabo ya fito yana dogara sanda, ya ja labule a bayansa.

"Ya shekh, me ya same ka? Na makara rannan, na tarar kun haura katanga. Faɗuwa ka yi?"

"Faɗuwa na yi," in ji Kabo. "Yaya ka sami ɗakin?"

"Tsaf. An share, kayanku a jere, har wuƙarka a goge. Damisa na bango." Mukhtaru ya yi murmushi. "Gashin bayanta ya ɗan zube, ma'alesh, ba komai, tsufa ne. Amma facin nan da kuka yi mata a goshi, wallahi aiki ne. Ban ma san asu ya ci wurin ba. Baƙa ce mai laushi, ba a ganin ɗinki. Fatar me ce? Baƙi sai shafa ta suke. Abu ɗaya kawai, in rana ta yi zafi sai ka ga tana gumi."

Kabo ya riƙe ƙyauren ƙofa.

Daga bayan labule aka yi motsi. Muryar Issoufou ta fito a shaƙe, karo na farko tun ranar.

"Yaya Kabo. Gaya mishi su bar shahwawa. Ina ji."

Mukhtaru ya dubi labulen, ya dubi ƙafar Kabo. Murmushin ya bar fuskarsa. Ya ajiye jakar a ƙasa ya tafi, bai yi sallama ba. An ce a makon ya mayar wa attajirin makullansa. Attajirin ya ɗauki wani wakilin, lambun ya ci gaba da karɓar baƙi.

Kabo bai sake taɓa fata ba. Ya koma jan ruwa a Mansur, lokacin Hajji kuma ya tafi Arfa yana kafa tantuna, yana ɗingishi.

Matar Issoufou ta haihu, namiji. Washegarin suna Issoufou ya naɗe kansa da rawani, ya riƙe hannunta, ya taka tsakiyar titi har inda motar askarawa take tsaye, ya ce su ba su da takarda, a kai su jirgi. Teku yake so ya sa tsakaninsa da wurin.

Bayan shekara uku wani alhaji daga Maraɗi ya kawo wa Yalwa saƙon baki. Yaron ya yi wayo, ciniki na tafiya, goshin ya warke ya bar tabo. Sai dai duk yammacin Alhamis da Juma'a, ranakun da ake buɗe Hoshin Fatu, Issoufou kan rufe rumfarsa ya shige ɗaki, ya dafe kansa da hannu biyu yana ƙirga yatsun mutanen da bai sani ba, har sai sun watse.